Shin Ko Kun San? Tsohon Gem Ɗin da Ke Ƙarƙashin Gado Yana Iya Tashi

Shin ko kun san cewa hura iskar baki a cikin kaset, dabarar da duk yaron da ya tashi a Iku ko Kwamba ko Madalla ya ɗauka magani ce, ba ita ke tayar da gem ba? Cirewar da mayarwar ne suke aiki, domin haƙoran kaset ɗin su sake zama daram a mazauninsu. Numfashi damshi yake bari, damshi kuwa shi ke cin haƙoran. Kamfanin Nintendo da kansa ya rubuta gargaɗin a daina a bayan wasu kasusuwansa. Auduga da ɗan sifirit irin na masu gyaran waya sun wadatar wajen goge haƙoran. A Suleja ma an fi bukatar kula, don daminarmu ta fi ta Kano tsawo da laima, ga kuma ƙurar hunturu tana jira a bayanta.

Shin ko kun san yawancin abin da muke kira Nintendo a lokacin ba na Nintendo ba ne? Na asalin, Famicom, ya fito a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983. Waɗanda suka cika kasuwanninmu, irin su Terminator mai kaset ruwan ɗorawa, kwaikwayonsa ne daga Taiwan da Sin. Kaset ɗin da aka rubuta wa 9999999 a cikin 1 kuwa 'yan wasanni ne ƙalilan ake ta maimaitawa, a sauya suna, a fara daga wani matakin. Haƙoran kaset ɗin Famicom 60 ne, na NES ɗin Amurka 72, shi ya sa tsarabar da wani kawu ya kawo daga waje ta ƙi shiga.

Gaba ɗayan Super Mario Bros. na 1985 bai wuce kilobayit 40 ba. Hoto ɗaya da za ku ɗauka da waya yau ya ninka shi fiye da sau 50. Saboda ƙarancin wuri, zanen gajimare da na ciyawar da ke ƙasa guda ne, launi kawai aka sauya. Ku kunna ku duba.

To ga abin da ya fi kashe waɗannan na'urori a wajenmu: wuta. Shin ko kun san wutar gida a Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230? Gem ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka, in aka cusa shi kai tsaye a bango ba tare da tiransifoma mai rage ƙarfi ba, ƙauri kawai za a ji. Adafta ma ba a yi mata kallon kitse. Ta NES wutar AC take fitarwa, in aka sa wa Famicom ko Sega sai ta ƙona su, alhali bakin ya shiga daidai. Mega Drive na farko da na biyu, 'yan gida ɗaya, ba sa musayar adafta, domin an juya musu hannun wuta. Ku ƙara da janareton da ke hawa yana sauka, da wutar NEPA da ke dawowa da ƙarfinta bayan ɗaukewa. Sau da yawa abin da ya tafi fiyus ne, ko ɗan ƙaramin abin da ke daidaita wuta zuwa bolt 5, sauran jikin lafiya lau. Na taɓa tsayawa a kan teburin wani mai gyaran rediyo a cikin gari, an kawo masa Sega da aka daɗe da fid da rai da ita. Ya kwance kusoshi, ya share ƙura da tsohon buroshin haƙori, ya ɗora bakin mita a wurare biyu, ya narka dalma ya sauya abu ɗaya mai ƙafa uku. Jar fitila ta kama. Wannan hannun, da ya saba da rediyo da talabijin, shi ne ainihin asibitin tsofaffin gem, kuma har yanzu muna da irinsa a kewayen kasuwar IBB.

In hoto ya fito baƙi da fari, kada ku yi saurin cewa gem ya lalace. Najeriya tsarin PAL take bi, Amurka da Japan NTSC, kuma tsohuwar talabijin da ba ta san na biyun ba takan zubar da launi. Wani abin mamakin shi ne wasanni da yawa na PAL sun fi na NTSC nawa da kusan kashi 17 cikin 100. Sonic ɗin da wasunmu suka sani bai kai na yaran Amurka gudu ba.

Shin ko kun san bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da filasma? Ba harbi take yi ba, gani take yi. Da an ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin akwati ya bayyana a inda agwagwar take, idon da ke cikin bindigar ya duba ko ya ga haske. Talabijin ta zamani tana jinkirta hoto kaɗan, sai lissafin ya ɓace. Saboda haka mai tsohuwar talabijin mai doro ya riƙe abarsa, masu sha'awar tsofaffin gem nemanta suke yi.

Wanda ya zauna gidan gem ya ga PlayStation na farko a kife, ƙafafu sama. Ba camfi ba ne. Sony ta fitar da shi a Disamban 1994, kuma a zubin farko abin da idon karanta faifai ke zamewa a kai na roba ne, yana kusa da zafin wuta, sai ya cinye ya karkace. Kifewar takan mayar da idon saiti. PS2 kuwa, da ya fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 155, yau ba ya ma bukatar ido: da manhajar Free McBoot a katin ajiya da wata manhajar mai suna OPL, sai ya karanta wasa daga filash. Sai dai bakin USB ɗinsa tsohon zubi ne mai nawa, shi ke sa hoton farkon wasa ya riƙa sarƙewa.

Kuma shin ko kun san Tijjani Babangida, wanda ake rige-rigen ɗauka a Winning Eleven saboda gudunsa, daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Holan, har ya kai Ajax a 1996, shekarar da ya ci zinare da Najeriya a Atlanta? Yaran ƙasashen da ba su san inda jihar Neja take ba sun haddace sunansa ta dalilin fad.

A ɓangaren kwamfuta, motsin yariman Prince of Persia na 1989 daga bidiyon ƙanin Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan, aka zana shi, yana gudu yana tsalle. Solitaire kuwa an sa shi a Windows 3.0 a 1990 ne don mutane su koyi jan abu da linzami. Wasannin DOS da suka ƙi buɗewa a sabuwar kwamfuta, manhajar DOSBox tana tayar da su, kuma kyauta ce.

Kaset ɗin da ya daina riƙe inda aka tsaya, ɗan batiri ne mai kamar kwabo ya ƙare a cikinsa. A sauya shi, amma tsohuwar ajiyar za ta tafi. Batirin da aka manta a cikin Game Boy kuwa yakan zubar da farin gari ya ci ƙarfe, a cire shi kafin a adana.

Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su kuma. Yana yi mini ciwo in ga PS1 a cikin kurar ɗan jari-bola, an auna shi da kilo tare da tsohon murhu. Kafin ku miƙa naku, ku kai shi a ɗora masa mita, ku haɗa da adaftarsa ta asali in tana nan.