Ko Ka San Inda Kififiya Ke Shiga Idan Tafki Ya Ƙafe?

A watan Maris, idan ka bi fadamun Boɗinga ko gefen madatsar ruwan Shagari, za ka ga kududdufai sun ƙafe, laka ta tsattsage, ka ce babu mai rai a wurin. Alhali ƙila kififiya na kwance a ƙarƙashin sawunka. Da ruwa ya fara ja baya sai ta tona taɓo ta binne kanta, ta daina ci, bugun zuciyarta da numfashinta su ragu, ta yi watanni a haka har damina ta faɗi wajen Yuni.

Kififiya 'yar'uwar kunkuru ce, amma ƙoƙon bayanta ba mai tauri ba ne. Fata ce mai santsi ta lulluɓe shi, shi ya sa take sulalewa cikin laka ba wahala. Irin da ta fi yawa a yankinmu tana da wasu marufai biyu na fata a ƙarƙashin ciki, waɗanda take rufe ƙafafunta na baya da su idan ta ji tsoro. Masana sun bayyana ta a rubuce tun 1835, kuma ana samunta daga Senegal har Sudan. Abincinta talibambam ne da kwaɗi da ƙananan kifaye.

Hancinta dogo ne siriri kamar tsinken kara. Shi kaɗai take fitarwa saman ruwa ta shaƙi iska, sauran jiki na ɓoye. Don haka mai son ɗaukar hotonta sai ya yi sammako, ya tsuguna a bakin ruwa, rana na bayansa amma kada inuwarsa ta faɗa kan ruwan. Ya zuba ido ga ɗan ɗigon da ke ɓullowa tsakanin ganyen bado, ya jawo hoton daga nesa. Kada ya kai hannu: wuyanta ya fi yadda ake zato tsawo, kuma cizonta ba wasa.

Yau ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, saboda kamu da lalacewar fadamu. Manomin rani ko mai haƙar ƙasar tubali da ya tono ta, ya mayar da ita ya rufe da danshin laka. Masuncin da ta faɗa komarsa, ya ɗauki hoto ya sake ta. Hakan ne zai sa 'ya'yanmu su san ta da idonsu.