Alhaji Umaru Na Salaga, Baƙon Da Ya Rubuta Abin Da Idonsa Ya Gani

Daga Wakilinmu na Arewa

In ana zancen marubuta waƙoƙin Hausa, sunayen da suka fi saurin zuwa baki su ne su Malam Sa'adu Zungur, da Mu'azu Haɗeja, da Aliyu Namangi, da Aƙilu Aliyu. To, amma akwai wani malami da ya riga su duka, wanda ya kamata ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi ku san shi fiye da kowa. Dalili kuwa shi ne, shi ma baƙo ne irinku. Hanyar goro ya bi ya bar gida, a ƙasar wasu ya yi zamansa, a can kuma Allah ya karɓi ransa. Wannan malami shi ne Alhaji Umaru, wanda waɗansu ke kira na Salaga, waɗansu kuma na Karaci.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, ya kuma bi ayarin fatake zuwa Gwanja, inda daga baya ya zauna a Salaga, a cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. A wancan zamani Salaga ita ce uwar kasuwar goro, kuma kada mu ɓoye, har da ta bayi. A shekarar 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar ƙasar, kasuwa ta watse, Hausawan zango suka kama gabansu. Malam Umaru ya gangara Kete-Karaci a bakin kogin Volta, garin da ya faɗa hannun Jamusawa, a nan ya zama limami. Duk wanda ya taɓa kwashe iyalinsa da tsakar dare saboda rigimar da ba shi ya tayar ba, ya san irin wannan tafiya.

Zamansa a can ya zo daidai da lokacin da Turawa ke cinye ƙasashen baƙar fata ɗaya bayan ɗaya. Faransawa suka kama Samori a 1898, aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi a 1903, a shekarar nan kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a Burmi. Malam Umaru bai riƙe takobi ba, alƙalami ya riƙe. Ya yi waƙoƙi da Larabci, ya kuma yi da Hausa cikin rubutun ajami, a kan zuwan Nasara. A ciki ya bayyana yadda suka fara shigowa da lallami da daɗin baki a kan ciniki ya kawo su, sai da suka zauna da gindinsu sannan suka sake fuska. Ya jero garuruwa da sarakunan da aka ci, suna bayan suna, har mai sauraro ya ji kamar ana kiran sunayen mamata.

To, jama'a, ai su ma Turawan sun rubuta labarin waɗannan yaƙe-yaƙe. Rahoton Bature zai gaya maka yawan sojan da aka fita da su, da harsashin da aka harba, da harajin da aka yanka wa gari. Abin da babu a ciki shi ne yadda zuciyar malami ta yi ranar da ya ji an ci Sakkwato, alhali yana nesa, ba shi da abin yi sai jiran fatake su kawo labari. Wannan sai a waƙa.

Akwai kuma wata hikima da ta sa magabata suka zaɓi waƙa don ajiye shaida. Labarin baka, kowa ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri. Waƙa kuwa an ɗaure ta da kari da amsa-amo, in ka cire kalma ɗaya ka sa wata, baitin zai yi ɗingishi, almajirin da ya haddace ta zai kama ka nan take. Bugu da ƙari, al'adar malamanmu ce mai waƙa ya faɗi sunansa a ƙarshe, ya sa ramzin shekarar da ya yi ta, tamkar mai ba da shaida a gaban alƙali ya sa hannu.

A ganina, waƙarsa da ta fi shiga jiki ita ce ta Talauci da Wadata. Ba sarki a cikinta, ba Bature, sai mu da halinmu. Ya nuna yadda matalauci zai faɗi magana ta gaskiya a cikin taro a yi kamar ba a ji ba, mai dukiya kuwa ko shirme ya yi sai a ce ya yi daidai. Ya bi matalauci har cikin tukunyarsa da tufafinsa da yadda dangi ke gudunsa. Mutumin da ya zauna a zango ne kaɗai zai iya wannan bayani, domin a zango ake ganin falken da ya iso bara da jakuna da barori, bana ya komo yana neman wurin kwana a zauren wani. Ku da ke Sabo ta Badun, da Shagamu, da Agege, ku faɗi gaskiya, akwai abin da ya sake?

Da annobar mura ta 1918 ta sauka daga jiragen ruwa ta bi hanyoyin ciniki har cikin ƙasa, ita ma bai bar ta ta wuce ba. Ya yi mata waƙa da Larabci, ya kira ta Tunkuyau, ya siffanta yadda take kama mutum ta kayar da shi.

Wani zai ce, ai malamin nan da ya yi kukan zuwan Nasara shi ne kuma ya zauna da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, ya koya masa Hausa, ya rubuta masa labarun ƙasar Hausa da al'adunta. Haka ne. Ni dai ban ga wannan ya rushe shaidarsa ba. Limamin baƙi ne a ƙarƙashin mulkin da ya fi ƙarfinsa, da jama'a a wuyansa, kuma zaman da ya yi da su bai sa ya janye abin da ya riga ya rubuta ba. Ta wannan hanya ma aka sami rubuce-rubucensa da yawa suka tsira, har wani masani ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya yi shekaru yana nazarinsu ya buga su.

Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da aka datse kogin Volta a Akosombo, ruwa ya cinye tsohon garin, aka ta da mutane zuwa sabon wuri. Waƙoƙin kuwa almajiransa sun riga sun kwafe su sun bazu da su zango-zango, waɗansu kofe kuma suna ajiye a Jami'ar Gana da ke Legon.