Daga Bakin Kogin Wudil Zuwa Duwatsun Shere

Wudil gari ne na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Muna da kogi da gada, muna da masunta, ga kuma kasuwar shanu ta ran Jumma'a wadda sunanta ya kai nesa. Amma yaro yakan gama firamare a nan bai taɓa hawan dutsen da ya sa shi haki ba. Maigida na wurin aiki, uwargida na fama da tukunya, yara kuwa idonsu na kan waya. Sau da yawa ba a haɗuwa sai wajen addu'ar dare, ita ma a gurguje. Domin wannan ne muke so mu nuna wa iyalai wata hanya da mota za ta iya yi cikin yini guda, a sami kwana biyu ko uku tare.

In an bar Wudil da sassafe aka bi ta Takai da Kachako, kafin rana ta yi zafi an isa Birnin Kudu, wadda ke cikin Jihar Jigawa tun 1991. A nan duwatsu ke fara bayyana. Cikin kogwannin Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi a jikin dutse. Akwai kuma duwatsun da in an buga su sai su yi amo kamar kuge. Bature Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya yi bincike a kansu. A nemi mai kula da wurin ya yi jagora, kada kuwa a bar yara su kankare ko su rubuta sunansu a kan zanen, gama abin da ya daɗe haka ba namu kaɗai ba ne.

Daga nan hanya ta nufi Ningi. Wurin yana da labarin da ya shafe mu. Wajen 1846 wani Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa, ta ƙasar Kano, tare da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shiga waɗannan duwatsu. Su da mutanen da suka tarar suka yi shekaru da dama suna gaba da Kano, dawakin sarki kuwa suka kasa cin su, domin dutse ya zame musu ganuwa. Yaron da ya ji wannan a aji yakan manta. Wanda ya ga tsaunin da idonsa ba ya mantawa.

Bayan Ningi sai a haɗu da hanyar Bauchi, a juya yamma ta Toro da Tilden Fulani. Nan hawa ke farawa sosai, hanya na lanƙwasa, iska na ƙara sanyi. Jos kanta tana kan tudu wajen ƙafa 4,000. Gabas da ita ga Duwatsun Shere, ƙasar Afizere, inda ƙololuwar ta kai kimanin ƙafa 6,000, wato mita 1,829. A gindinsu akwai makarantar gwamnati inda ake horar da samari da 'yan mata hawan dutse da jimiri. Ba lalle iyali su kai can bisa ba. Awa guda ana hawa a hankali ta isa mutum ya juyo ya ga Jos shimfiɗe a ƙarƙashinsa.

Amma maigida, ka tuna rayukan gidanka duka suna cikin mota ɗaya. Kai ta wurin makaniki tun kwana biyu kafin tafiya, a duba birki da tayoyi da ruwan lagireto. In kana gangara, sa ƙaramar giya, kada ka dogara ga birki kaɗai, gama yakan yi zafi ya ƙi kamawa. Kada ka wuce babbar mota a kan kwana. Kada dare ya same ku a hanya. Ƙasar Filato ta sha tashin hankali, musamman a 2001 da 2008 da 2010, an kuma ci gaba da kai hari a wasu ƙauyuka bayan haka. Saboda haka ka roƙi fastonku ya tambayi 'yan'uwa na Jos, inda hedkwatar ECWA take, yadda gari yake, su kuma samo muku ɗan ƙasa ya hau da ku. In suka ce a dakata, a dakata. Dutse ba ya gudu.

Uwargida kuma ta tanadi ruwan sha, da dafaffen ƙwai ko dambu, da rigunan sanyi da bargo, domin hunturun Jos a Disamba da Janairu ba irin na Wudil ba ne. A ja kunnen yara game da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwansu a kwance yake, amma da zurfi ƙwarai, sun kuwa ci mutane.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Ubangiji Yesu yakan rabu da taro ya hau dutse domin addu'a. In kun sami inuwa a can bisa, ku kashe wayoyi, babban yaro ya karanta Zabura 121, kowa ya faɗi abu guda da yake gode wa Allah dominsa. Sa'an nan uba ya yi shiru ya saurara. A kan hawa ne za ka ga wanda ke saurin karaya a cikin 'ya'yanka, da wanda ke tsayawa ya miƙa wa ƙanwarsa hannu, abin da shekara guda a gida ba ta nuna maka ba.

Wanda kuɗin mai ya fi ƙarfinsa kada ya fasa. Gida biyu na ikkilisiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi, ko kuwa a tsaya a Birnin Kudu a komo kafin magariba. Allah ya kiyaye hanya, ya komo da ku lafiya.