Ƙwayar da Ya Kamata Ta Riga Amarya Tarewa

A shekarar 1992 wani likitan jarirai mai suna Kareem Airede, wanda daga baya ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ya fitar da lissafi mai tayar da hankali daga Jos. Cikin kowace haihuwa 1,000 da aka karɓa a asibiti, kusan jarirai 7 sun zo da tawaya a laka ko ƙwaƙwalwa. Wani da ƙullutu a gadon baya, fata ba ta rufe ba, ruwa na tsattsafowa, ƙafafu a sake. Wani ƙoƙon kansa bai haɗu ba sam, ko suna ba ya kaiwa. Da aka ƙirga a Sakkwato da Kano shekaru bayan nan, adadin bai kai 3 ba. Amma fa duk lissafin asibiti ne. Wanda aka haifa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibi, aka ce shafar aljanu ce, bai shiga littafin kowa ba.

Irin wannan bambanci tsakanin yanki da yanki ya taɓa addabar ƙasar Sin, inda arewa ta ninka kudu kusan sau biyar. Daga 1993 zuwa 1995 likitocin Beijing da takwarorinsu na Amurka suka yi wata dabara. A lokacin doka ce mai shirin aure sai ta je gwajin lafiya, sai suka tare 'yan mata a nan. Duk wadda ta yarda a miƙa mata kwalbar folik asid, ƙwaya ɗaya kullum, har ciki ya cika wata uku. Ma'aikatan lafiya na ƙauye kuma su zagayo wata-wata suna ƙirga abin da ya rage a kwalba. Mata kusan 250,000 aka bi diddiginsu. A lardin Hebei na arewa, waɗanda ba su sha ba an samu 4.8 cikin 1,000, waɗanda suka sha kuwa 1 kacal. A Zhejiang da Jiangsu na kudu, inda ganye ke wadace, ya sauko daga 1 zuwa 0.6.

Sirrin yana ga lokaci. Lakar jariri tana gama rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, mace ko tabbatar da ɓatan wata ba ta yi ba. Mu kuwa sai ciki ya turo riga ake zuwa awo, musamman cikin fari da kunya ke sa a ɓoye. 'Yar ƙwayar folik asid ɗin nan rawaya da ake bayarwa a awo tana gyara jini, amma ga laka ta zama ihu bayan hari.

A Zuba, kusa da Abuja, inda motoci ke sauke lemon Binuwai tuli-tuli, wani zai ce ai abinci ya wadatar. Gaskiya ne lemo da wake da gyaɗa da alayyafo suna ɗauke da sinadarin, sai dai doguwar dahuwar miyarmu tana kashe da yawa daga cikinsa. Jaririn da ya zo da larurar kuwa, sai a garzaya Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Tiyata za ta rufe bayan, a sa siririn bututu idan ruwa ya taru a kai, amma jijiyar da ta lalace ba ta dawowa.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ke nan ƙofar da Sinawa suka tsaya muna da irinta. Iyaye mata da masu gyaran amarya, ku da kuke haɗa tsumi da turaren wuta, ku haɗa da folik asid tun ranar da aka sa rana, a ci gaba da sha bayan biki. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri, ko take shan maganin farfaɗiya, ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, domin adadin da za ta sha ya fi na sauran mata.