Ɗan Hakin da Ka Raina: Yadda Kuskure a Gilashin Zane Ke Tsadantar da Ƙwayar Lantarki

ABUJA — Wayoyin hannu da kwamfutoci da injunan wutar sola da ake sayarwa a shagunan Gwarinpa duk suna aiki ne da ƙwayar lantarki, wadda ake kira cif, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Wani kaso na kuɗin da ɗan kasuwa ke biya ya samo asali ne daga wani gilashi mai faɗin inci 6 kacal.

A kan wannan gilashi ake zana taswirar hanyoyin lantarki na cif. Daga nan sai a haska shi kamar majigi, sai dai maimakon hoton ya girma, madubai ne ke ƙanƙantar da shi sau 4 kafin ya sauka a kan faifan silikon. Ana auna layukan da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

Bisa lissafi, kuskuren nanomita 8 a jikin gilashin ya kamata ya koma 2 a kan faifai. Haka abin yake muddin layukan suna da kauri. Amma a shekarun 1990, yayin da layukan suka fi tsawon zangon hasken da ake amfani da shi sirantaka, injiniyoyi suka lura lissafin ya daina tsayawa. Dalili kuwa shi ne haske yakan bazu idan ya ratsa matsattsiyar kafa, gefen layi ya dusashe, ɗan bambanci kaɗan ya sauya faɗinsa ƙwarai. Ma'aunin wannan ninki shi masana ke kira MEEF a taƙaice.

Idan ninkin ya kai 3, kuskuren nan na nanomita 8 zai sauka a matsayin 6. A layi mai faɗin nanomita 40, wanda bisa al'adar sana'ar ba a yarda ya kauce da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, watau nanomita 4, aiki ya riga ya ɓaci. Bugu da ƙari, tun da gilashi ɗaya ake bugawa a kai a kai, aibin yakan maimaitu a kowane bugu.

A nan ne batun ya zama na tattalin arziki. Cif na zamani yana bukatar gilasai gommai, kuma kuɗin jerinsu yakan kai miliyoyin daloli tun kafin a sayar da ƙwaya ɗaya. Duk sa'ad da ninkin ya ƙaru, tilas a tsananta awo da bincike, farashi ya hau. Wannan ya sa sana'ar ta taru a hannun kamfanoni ƙalilan, irin su Photronics na Amurka da DNP na Japan, sai kuma manyan masana'antu kamar TSMC na Taiwan da ke yin nasu.

Domin shawo kan matsalar, an koma ga haske mai gajeren zango, daga nanomita 248 zuwa 193, sa'an nan 13.5, wanda kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke ƙera injinsa. A Disambar 2023 ya fara aika wa Intel sabon samfuri mai ƙanƙantar da zane sau 8 ta fuska ɗaya.

Darasi ga 'yan kasuwa shi ne, wannan tsada ta fi shafar manyan wayoyi da kwamfutoci. Cif na mitar wuta da katin banki da injin sola mai kaurin layi ne, gilashinsa ya fi araha. Saboda haka duk mai niyyar zuba jari a zanen cif a Nijeriya, ya kyautu ya fara daga wannan aji, ya kuma tabbatar da yawan masu saye tukuna, domin kuɗin gilashi ɗaya ne, ko ƙwaya dubu aka buga ko miliyan.