3.4 Awon Ƙarfin Sauti da Haɗarin Wuce Iyaka

A sashen da ya gabata an bayyana yadda ake juya sauti zuwa lambobi. Wannan sashe zai duba yadda ake auna ƙarfin sautin, da kuma illar da ke biyo baya idan ya wuce iyaka.

Na'urar juyi takan ɗebi samfurin sauti sau dubbai a kowace daƙiƙa. A faifan CD, alal misali, ana ɗiba sau 44,100, kuma kowane samfuri ana ba shi lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. Matakin ƙarshe shi ake kira 0 dBFS, kuma babu wani mataki a samansa. Idan sauti ya yi wa tef na maganaɗisu yawa, yakan danne shi ne sannu a hankali. Na'urar lambobi kuwa datse kan sautin take yi gaba ɗaya, sai a ji wata ƙara mai kaushi. Abin da aka datse bai shiga cikin ɗaukar ba, don haka hirar da ba za ta maimaitu ba ta lalace ke nan.

A nan ne zaɓen mita yake da muhimmanci. Mitar VU, wadda aka samar a Amurka a 1939, allurarta tana buƙatar kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa kafin ta nuna cikakken ƙarfin sauti. Bugun ganga ko tafi yakan zo ya wuce kafin allurar ta iso, sai ma'aikaci ya ga komai lafiya alhali sautin ya riga ya datse. Hatta mitar da ke karanta lambobin samfura tana iya kuskure, domin ƙololuwar sauti takan faɗo a tsakanin samfura biyu. Wannan ne ya sa ƙa'idar BS.1770, wadda Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 2006, ta tanadi hanyar ninka yawan samfura domin a gano ƙololuwa ta haƙiƙa.

Saboda haka ake barin rata. Ƙungiyar Gidajen Watsa Shirye-shirye ta Turai ta tsayar da sautin gwaji a desibel 18 ƙasa da matakin ƙarshe, sannan a ƙa'idarta ta 2010 ta nemi ƙololuwa ta haƙiƙa ta tsaya aƙalla desibel ɗaya ƙasa da shi. Sautin da aka ɗauka da ɗan rauni ana iya ɗaga shi daga baya, amma wanda ya datse ba ya komawa yadda yake.