ƘASAR DA BA TA NEMAN BIZA, AMMA SHIGARTA SAI DA SHIRI

A cikin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa da ake kira Andora. Girmanta duka murabba'in kilomita 468 ne, watau Jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya, ta ninka ta wajen sau bakwai. Mutanenta ba su kai dubu 100 ba. Ba ta da bakin teku, ba ta da hanyar jirgin ƙasa, ba ta kuma da filin jirgin sama. Duk da haka miliyoyin baƙi ke shiga cikinta kowace shekara, waɗansu don wasan zamiya a kan ƙanƙara, waɗansu don sayayya. Abin mamaki kuwa, ƙasar nan ba ta neman biza daga wurin kowa, ko daga ina ya fito.

Mai karatu na iya cewa to ai shi ke nan, ƙofa a buɗe take. A'a, da sauran magana. Don a gane inda gizo ke saƙa, bari mu ɗauki matafiya biyu: ɗaya mutumin ƙasar Slobakiya ne, ɗayan kuwa yana riƙe da koren fasfon Nijeriya.

SARAKUNA BIYU, ƘOFA BIYU

Tun shekarar 1278 aka yi yarjejeniyar da ta sa Andora a ƙarƙashin iyayengiji biyu, Bishop na garin Urgell da ke Sifen, da wani basarake na yankin Foix a Faransa. Daga baya rabon basaraken ya koma hannun sarkin Faransa, yau kuwa yana hannun Shugaban Ƙasar Faransa. Har gobe waɗannan biyu su ne shugabannin ƙasar a suna, amma mulki yana hannun majalisa da firayim minista. A 1993 Andora ta yi tsarin mulkinta na farko a rubuce, ta kuma shiga Majalisar Ɗinkin Duniya.

A wannan shekarar ce ita ma Slobakiya ta tsaya da ƙafarta, domin ran 1 ga Janairu 1993 tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya ta rabu biyu cikin lumana. Amma daga nan hanyarsu ta bambanta. Slobakiya ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen a watan Disamba 2007, ta kama kuɗin Yuro a 2009. Andora kuwa tana ciniki da Yuro, amma ba ta cikin Tarayyar, ba ta kuma cikin Shengen.

Shi Shengen ɗin nan sunan wani ƙauye ne a ƙasar Lukzambur, inda ƙasashe biyar suka sa hannu a 1985 cewa za su ɗauke shingayen da ke tsakaninsu. Yanzu ƙasashen sun kai 29, kuma wanda ya shiga ɗaya da izini yana iya ratsa sauran. Tun da Andora ba ta da hanyar shiga sai ta Faransa ko ta Sifen, dokar Shengen ce ke tsaron ƙofarta, ko da yake ita ba ta ciki.

MUTUMIN SLOBAKIYA

Shi wannan ba shi da wata wahala. Ba ya bukatar biza, ba ya ma bukatar fasfo in yana da katin shaidar ɗan ƙasa wanda bai ƙare aiki ba. Zai hau jirgi ya sauka a Basalona ko Tulus, sa'an nan ya shiga mota, tafiyar wajen awa uku. In ta Sifen ya bi, zai shiga ta kusa da garin Sant Julià de Lòria. In ta Faransa ne, sai ta Pas de la Casa, can ƙolin dutse. Yana iya zama har kwana 90 a matsayin baƙo. Ko da yara yake tafe, kowane yaro sai da takardarsa, domin an daina rubuta sunan yaro a fasfon mahaifinsa a ƙasashen Tarayyar tun 2012.

Amma katin nan shiga kawai yake ba shi, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Na farko, ba shi da ikon kama aiki. A Jamus ko Italiya mutumin Slobakiya yana iya neman aiki kamar ɗan gida, amma a Andora sai hukuma ta ba shi izini, ko da aikin damina ɗaya ne a otal.

Na biyu, maganar asibiti. 'Yan Tarayyar Turai suna da wani kati na lafiya wanda ke sa a duba su a asibitocin gwamnati na sauran ƙasashen Tarayyar. Katin nan ba ya aiki a Andora. Ƙasar kuwa ta wasan ƙanƙara ce, inda karaya ba baƙon abu ba ce. Wanda ya je ba inshora ya faɗi a kan dutse, daga aljihunsa zai biya kuɗin ɗauko shi da na ɗori.

Na uku, wayar hannu. Dokar 2017 da ta hana kamfanoni ƙara wa mutum kuɗin kira in ya ƙetare iyaka cikin Tarayyar ba ta hau kan Andora ba, saboda haka wanda ya bar intanet a kunne yana iya komawa gida ya tarar da bashi.

Na huɗu, kwastan. Harajin saye a Andora kashi 4.5 ne cikin 100, alhali a Faransa kashi 20 ne, a Sifen 21. Wannan ya sa kaya ke da araha, ya kuma sa 'yan kwastan na maƙwabta suka kafa ido. Babban mutum yana iya fita da karan sigari 300, da kayan masana'antu na Yuro 900 ba haraji. Abin da ya haura haka sai a biya, wanda ya ɓoye kuwa ya gamu da tara. Kuɗi tsaba in sun kai Yuro 10,000 dole a bayyana su.

MAI KOREN FASFO

To, yanzu mu zo kan namu. Shi ma Andora ba ta neman biza daga gare shi, amma ba zai isa bakin ƙofarta ba sai da bizar Shengen. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni 2024. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da kuɗin guzuri, da fasfo wanda zai yi saura wata uku bayan ranar fita. Iyakar zama kwana 90 ne cikin kowane kwana 180.

Ga tarkon. Bizar nan iri-iri ce: akwai ta shiga ɗaya, akwai ta shiga biyu, akwai ta shiga da yawa. Wanda ya taka ƙasar Andora, a ido na doka ya fita daga Shengen. In bizarsa ta shiga ɗaya ce, ta ƙare ke nan. Ga shi ba jirgin da zai ɗauke shi daga can zuwa gida, dole ya sake bi ta Faransa ko Sifen, kuma ba shi da izinin komawa. Gaskiya ne sau da yawa motoci na wucewa ba a tsayar da su ba, amma ran da aka tsayar, ba wanda zai saurari cewa ba a sani ba. Ƙari kuma, tun 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙin da ba 'yan Tarayyar ba, ana ajiye shigarsu da fitarsu a kwamfuta. Saboda haka duk mai niyyar leƙa Andora ya faɗi haka tun wajen cika takarda, ya nemi bizar shiga biyu ko fiye.

Ko a ɓatan fasfo ma ba ɗaya suke ba. Slobakiya da Nijeriya duka ba su da ofishin jakadanci a Andora. Amma ɗan Tarayyar Turai yana da hakkin neman taimako a ofishin kowace ƙasar Tarayyar inda tasa ba ta da wakili, watau mutumin Slobakiya sai ya ƙwanƙwasa ƙofar Faransa ko Sifen. Namu kuwa sai dai ya nemi jakadanmu na Madrid ko Faris.

SAURAN ƘANANAN

Kada a yi wa ƙananan ƙasashen Turai kuɗin goro. Lishtenstain, wadda ke tsakanin Suwizalan da Ostiriya, ta shiga Shengen a 2011. Monako tana bin tsarin Faransa. San Marino da Batikan kuwa Italiya ce ta kewaye su, ba wani shinge tsakani. A cikinsu duka Andora ce ke da shingen kan iyaka na sosai.

ABIN LURA

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, labarin nan ba baƙo ba ne gare mu. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, a 1979 kuma aka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga ɗayar har kwana 90 ba biza. Shi ya sa fatakenmu ke bi ta Seme zuwa Kwatano da Lome da Ankara. Amma dattawa ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, Hausawa da Yarabawa suka dawo suka bar gidaje da rumfuna. Ba su kuma manta da 1983 ba, da Nijeriya ta yi irin wannan kora. Izinin shiga daban, izinin zama da aiki daban.

Saboda haka kafin a ɗaura kaya, a duba ranar ƙarewar fasfo, a karanta abin da aka rubuta a jikin biza, a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kansa maimakon dogara da 'yan kamasho. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.